Jakar Iska ta Hagu

Litinin, 8 ga Yuli

Na tashi na tarar motar kwananmu ta sake zama a kan ɗuwawunta na hagu. Jiya da yamma na cika mata iska, kafin gari ya waye ta sace. Na shiga ƙarƙashi da ruwan sabulu, na fesa wa jakunkunan robar da ke ɗauke da bayanta, ta hagu sai kumfa take yi kamar tukunya a kan wuta. Robar duk ta tsattsage. Shekara sha bakwai, ban ga laifinta ba. Duka biyun zan canza, ba a canza ɗaya a bar ɗaya.

Saura wata guda Obon, bikin ziyartar kaburburan iyaye. Matata Kimiyo tana son ta wanke kabarin uwarta a Akita da hannunta. Likita ya ce da wannan ƙashin bayan nata babu jirgin sama, babu dogon zama a kujera. In za ta je, a kwance za ta je, a gadon motar, kuma kada a girgiza ta. Bai ce bana ce ta ƙarshe ba, amma takalminsa yake kallo lokacin da yake magana. Ni ba yaro ba ne.

Laraba, 10 ga Yuli

Natsuko ta bugo daga Sapporo. 'Yar da na koya wa riƙe sitiyari, yau don tana tuƙa bas ɗin birni ta zama mai ba ni shawara.

"Baba, ka kai wa Kurata mana. Kana shekara saba'in da shida za ka kwanta ƙarƙashin tan uku?"

Kurata! Mutumin da ya zo garejin bas ɗinmu bai san sifana sha huɗu da sha bakwai ba, ni na ɗora masa hannu a kan aiki. Yanzu ya yi furfura, ya buɗe garejinsa, shi ke nan ya zama gwani. Shekara talatin da takwas ina canza wa bas jakar iska. Na miƙa wa uwarta wayar tun ba ta kai ƙarshen huɗubar ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Sababbin jakunkunan sun iso. Robar tana warin sabon takalmi. Na daɗe ban ji daɗi irin na yau ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Na gama. Ni kaɗai. Na ɗaga ta da jak, na tokare, na saki iska, na cire tiyo, na kwance notuka. Na hagu na sama ya yi tsatsa, ya ci mini kusan awa biyu da fatar yatsa ɗaya. Gwiwata kuwa ba a magana.

Na yi komai yadda muke yi a gareji: ka nuna abu da yatsa, ka dube shi, ka faɗa da ƙarfi, sannan ka wuce. "Noti ya ɗauru, ya yi!" "Tiyo ya shiga, ya yi!" Babban abin shi ne kada ka sauke mota a kan jakar da babu iska a ciki, robar za ta naɗe, ƙarfe ya cije ta. Na tsawata wa mutum ya fi hamsin a kan wannan.

Kimiyo tana zaune a bakin taga da mafici, tana dariya. "Baban Natsuko, duk unguwa ta ji ya yi. Sai ka shigo ka ci taliyarka mai sanyi tun ƙanƙarar ba ta narke ba."

Lahadi, 21 ga Yuli

Ta sake zama a hagu.

Litinin, 22 ga Yuli

Kayan zamani ke nan. Roba kamar ganyen takarda, a sa a kwali mai kyau a aiko wa tsoho. Na buga wa masu sayarwar, wata yarinya ta yi ta ba ni haƙuri da muryar nan ta na'ura, ta ce sai makaniki mai rajista ya duba ya sa hannu. Mai rajista. A duk wannan yankin Kurata ne kawai.

Laraba, 24 ga Yuli

Ya zo da kansa, har da kankana ya kawo wa Kimiyo. Ya cire jakar, ya juya ta a hannu. Da ma ya yi mini dariya, da ya fi mini sauƙi.

"Oga, ka ga nan?" Layi ne a jikin robar, a miƙe, kamar inda aka ninke wando aka goge. A tsakiyarsa ƙarfe ya huda. Ya san ni na koya masa karanta wannan layin.

Na ce na sa iska. Ya leƙa ciki, ya taɓa makunnin iskar jakar hagu, a rufe yake, yadda na rufe shi da safe kafin in fara. Ta cika daga baya da na buɗe babban layin iska, amma lokacin an riga an cije ta.

"Zafi ne, Oga. Ranar Asabar kowa kansa ya juya."

Ƙarya yake, don ya rufa mini asiri. Na tsani wannan ladabin nasa.

Alhamis, 25 ga Yuli

Na tambayi Kimiyo ko ta ji na faɗa a ɓangaren hagu. Ta ce ta ji sarai. "Iska ta shiga, ya yi!" Har ta ga yatsana a miƙe.

To wannan ne abin da ya tsaya mini a wuya. Da mantawa na yi, da na ce mantuwa ce, kowa yana yi. Amma na nuna, na faɗa. Hannu ya yi nasa, baki ya yi nasa, ido ne bai zo aiki ba. Jakar a lanƙwashe take a gabana, fayau, na dube ta na ce ya yi. Haushin kaina nake ji, kuma tsoro nake ji, tunda ba wanda zai karanta wannan bari in rubuta. In na nuna jar fitilar titi a Tomakomai, inda za mu hau jirgin ruwa, na ce ya yi fa, Kimiyo tana kwance a baya?

Ban ci abincin rana ba. Ta ce gishiri ne ya yi yawa, na ce eh.

Asabar, 3 ga Agusta

Wata jakar ta iso jiya. Natsuko ma ta iso, ba wanda ya kira ta, in ji uwarta. In ji uwarta.

Na shiga ƙarƙashi, ta tsuguna a gefe da fitila. Duk abin da na nuna sai ta nuna, duk abin da na faɗa sai ta jira ta gani tukuna ta maimaita. Na ce, "Ke, jarrabawa kike yi mini?"

"A wurinmu mutum biyu ke dubawa yanzu, Baba. Ba kai kaɗai ba, kowa."

"A wurinku."

"To, a wurinmu. Ɗaure notin."

Da na zo sauke jak ta ɗora tafinta a kan robar, ta matsa, ta ja hannuna ta ɗora. Tauri kamar goshin ɗan maraƙi. Halin uwarta ne sak, su kashe ka da shiru.

Lahadi, 4 ga Agusta

Tana tsaye daidai. Na auna da tef, hagu da dama ɗaya. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Wai Natsuko ta ɗauki hutun kwana shida. Wai tana kewar kakarta, matar da ta rasu tun Natsuko tana aji biyu. Ta ce za ta karɓe ni tuƙi in na gaji. Na ce ba na gajiya. Kimiyo ta ce ita dai tana son wanda zai zauna kusa da ita a baya ya riƙe mata kofin ruwa, kuma Natsuko hannunta rawa yake. Direban bas, hannunta rawa yake! Sun haɗa baki, ko makaho ya gani.

Talata, 13 ga Agusta

Akita. Daga ƙofar gida har bakin jirgin ruwa, daga jirgi har ƙauyen, Natsuko ce a sitiyari. Tana taka birki da wuri fiye da kima, na gaya mata sau uku.

Kimiyo ta wanke kabarin. A zaune a kan kujerar roba, ni ina zuba ruwa da ludayi, ita tana gogewa. Ta daɗe tana yi wa uwarta magana ƙasa-ƙasa, ban saurara ba. Da muka dawo ta ce bayanta bai yi ciwo ba ko sau ɗaya a hanya. Aikina ne wannan, ko wa ya riƙe fitila.

Da la'asar rana ta juyo kan motar, na ɗauki makulli in matsar da ita inuwa. Na shiga, gwiwata ta bugi sitiyari, Natsuko ta jawo kujerar gaba daidai tsawonta. Na sa hannu a ƙarfen da ake turawa baya. Na ɗan zauna haka.

Na fito na kira ta ta matsar. Ba don komai ba, in na taɓa kujerar sai ta sake gyarawa jibi, wahala ce kawai.