Layukan Yaya Munzali

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Kawu Arzika ya kira daga Argungu. Kwamfutar ƙungiyar manoman shinkafa ta sake sandarewa. Da an zare na'urar auna ruwa ɗaya, sai sauran goma sha ɗaya su yi shiru, ga gulbi yana ta cika. Ya ce, "Nazifa, wanga aiki na yayanki ne, ke kaɗai kika san kansa." Ban sani ba. Kallo kawai nake yi lokacin da Yaya Munzali yake rubuta manhajar da ke haɗa na'urorin da Linux, tsarin da kwamfutar ke aiki da shi. Yau wata huɗu da kwana tara da rasuwarsa.

Laraba, 7 ga Agusta

Na buɗe kwamfutar Yaya. Na rufe.

Asabar, 10 ga Agusta

Na gano. Laifin yana sashen da ke kwashe kaya idan an cire na'ura. Ya rubuta shi wuri uku, kowanne da tsarinsa. A na ukun yana sakin ma'ajiyar bayanai kafin ya tsayar da agogon da ke leƙa ta, sai agogon ya dawo ya tarar babu komai, kwamfuta ta tsaya cak.

Na duba ranar da ya rubuta wurin. 19 ga Maris. Makon da ya daina iya cin tuwo, yana cewa zazzaɓi ne kawai. A saman layin ya bar wa kansa saƙo da Hausa: "a gyara in na ji sauƙi."

Na fita tsakar gida na wanke kwanukan da an riga an wanke.

Talata, 13 ga Agusta

Hanyar gyara a fili take: a haɗa ukun su zama ɗaya, a tsayar da agogo tukuna, sannan a saki komai daga na ƙarshe zuwa na farko. Layi tamanin da shida na Yaya za su tafi. Na gwada yin faci don in bar su. Ya yi muni, da ya gani da ya yi min dariya.

Inna ta shigo da kunu. "Mi kike ma kuka?" Na ce zan goge rubutunsa. Ta daɗe tana kallon allon da ba ta iya karantawa. Ta ce, "Shinkafar mutane fa?" Ta ajiye kofin ta fita.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na goge. Har da saƙon.

Asabar, 17 ga Agusta

Argungu. Hanyar fadama duk laka, mai babur ya sauke ni na ƙarasa da ƙafa. A gaban Kawu na zare na'ura na mayar sau talatin. Sauran suka ci gaba da aiki, ko gezau. Kawu ya cire hula ya yi wa Yaya addu'a. Ni na kasa cewa amin da ƙarfi.

Alhamis, 22 ga Agusta

Wata Jannatu daga ƙungiyar masu albasa ta Augie ta zo har gidanmu a Badariya, suna son irin na'urorin kafin rani. Ta tambayi wa ya haɗa su. Na ce, "Marigayi yayana ne ya fara." Haka ya fito, ban shirya ba. Sai da ta tafi na ji abin da na faɗa.

Na ce mata ta dawo Litinin.