Jar Motar da Yaron Nan Ya Zaɓa

Dutse, daren Laraba, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa. Yaron nan ya sayar da shanunsa, waɗanda suka fito daga karsanar da kakansa ya ba shi ran suna, gobe zai tafi Kano sayen mota 'yar Kwatano. Biyu dillali ya nuna masa: wata jif mai tsayi, da wata 'yar ƙarama ja mai ƙofa biyu, wadda aka ce gudu gare ta kamar iska. Jar yake so.

Ni jif ɗin nake so. Ba ta da wannan gudun, kuma ita kaɗai za ta ratsa laka zuwa rugarmu ta bayan Buji, inda mahaifiyata ke kwance. Amma shi ɗana ne na fari. Ko sunansa ban taɓa faɗa ba, balle in zaunar da shi in ce ina tsoron titin Kano ya cinye min shi.

Na tura ƙanena Sale ya yi masa magana. Ya dawo yana dariya, wai, "Adda, ai jar ta fi kyau, har na ce ya ɗana ni."

Bayan isha'i yaron ya tsaya bakin ƙofata. "Inna, ba ki ce komai ba."

Na sunkuya ina gyara tabarmar da ba ta karkace ba. "Allah ya sa alheri," na ce.

Ya daɗe a tsaye. Na san jira yake in hana shi. Ina jin takunsa har ya fice daga zaure.