Ihun Kasuwa a Cikin Imel

Daren Laraba, Gurugu

Alhamdu lillahi, yau saƙona ya shiga! Sati uku ke nan da na haɗa sabar imel tawa, wato manhajar tura saƙonni, a tsohuwar kwamfutar shago, ina ta taƙama, alhali duk abin da na aika wa Madam Akosua, mai sayen man kaɗena a Kumasi, kwandon sharar imel ɗinta yake faɗawa. Har ta fara neman wani dillali a Kasalgu.

Na gyara wannan, na taɓa wancan, a banza. Da safe uwargida Fusena ta leƙa allon, ta ga saƙon da na rubuta, ta kwashe da dariya: "Maigida, ARAHA! KYAUTA! da manyan baƙaƙe? Sai ka ce mai tallan maganin basir a tashar mota! Ni ma shara zan zuba shi."

Na ji haushi, amma na goge. Na gaida Madam, na tambayi ƙafarta mai ciwo, sannan na faɗi kaya a layi biyu. Kafin la'asar ta amsa, wai a loda mata gobe.

Shekara ashirin ina ihu a kasuwa, ashe ko na'ura gaisuwa take so. Gorin Fusena kuwa, na san sai bayan Sallah zan huta.