Hoton Hantar Malam

Kebbe, 14 ga Yuni, 1989

Zuwa ga ƙanena Dawuda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mardiya da yara can Fatakwal. Allah shi ƙara rufin asiri. Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka, har mun yi shuka.

Bayan haka, dole in yaba maka na'urar nan da ka tura mu kudu mu kai mata babanmu Malam. Abu kamar bakin rijiya an kwantar, a zura mutum ciki, a fiddo shi da hoton hantarshi ba wuƙa ba jini. Ta duba ta ce ba ta ga komi ba. Gwana ce, ba ta ɓata wa baƙo rai.

Ga abin da ban faɗa a gida ba. Ranar ta faɗo Alhamis, kuma ka san Malam da azumin Alhamis. Suka kawo wani ruwa wai ya sha, da allurar da ke rina hanta don ƙari ya fito fili. Malam ya ce shekara arba'in bai karya ba, ba zai fara don injin ba. Layi ya yi tsawo, sai aka ɗauki hoton hakanan. Da muka fito, wani likita ya ja ni gefe, ya ce in ba rinin nan, sau da yawa ƙari da hanta launinsu ɗaya a hoto, kuma rashin gani ba shi ne rashin ciwo ba. Na gane shi sarai. Ni ko buhun gero ba ni saye sai na soka ƙarfe na ga cikinshi.

Yanzu Malam shina ta gaya wa mutanen garinmu Fakku injin Turawa ya wanke shi. Inna Marka har ta yi sadakar masa. Amma tuwo loma fuɗu yake ci, zobenshi kuwa ya koma babban yatsa. Na ce mu koma ran wata Talata, ya ce ɗan kasuwa bai san tawakkali ba. Kai ne auta, kai kaɗai yake saurare. Ka taho ka lallashe shi, tun ana iya kama abin.

Inna da Lauratu da Na'iya suna gaishe ku. Ka shafa mini kan Zahara'u.

Naka yaya,
Dikko

Af, wai kamfanin naku ba ya ba da hutu ne sai na ta'aziyya?