Audugar Baba a rijiyar Dumega

Talata da dare, Dogon Dutsi

Yau munka kai Dumega na'urar auna ruwan rijiya, wadda jami'armu ke haɗawa da kamfanin famfo. Shekara biyu a labo, ɗakin gwajinmu, cikin sanyin kilim mai sanyaya ɗaki, ba ta taɓa kuskure ba. Rana na take tsaka sai ta fara ƙarya: ga rijiya cike, ita ko tana cewa ta ƙafe. Injiniyan kamfanin ya ce, "Dokta, in haka ne, maigidanmu zai janye hannunshi."

Sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙan shi. A rumfarshi ta gyaran rediyo a kasuwar Kore Mairuwa, in rediyo ta yi zafi ta ɗauke, yakan jiƙa auduga a randa, ya riƙa ɗora wa kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya har murya ta dawo.

Na jiƙa bakin hankicina na gwada. Ina taɓa transisto na uku a kayan cikin na'urar, awon ya daidaita: ashe shi ne ba ya jure zafi.

Injiniyan ya ce, "A Faransa ka koyo wannan?"

Na ce, "A Kore Mairuwa."

Ni da, ina yaro, nike kewaye kasuwa don kada 'yan ajinmu su gan ni a rumfar nan. Baba, ka yafe mini.