Hular Baba a Jirgin Ruwa

Kankiya,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Abdullatif,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Sumayya da yara, da kuma babban baƙonku, Baba. Allah ya sa aikin idon da aka yi masa ya zama ƙarshen wahala, kai kuma ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da ka yi har ka kai shi Norway. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta kankama, an gama shuka a Yashe, ƙanenmu Shehu ne tsaye a kan gonar, kuma wannan karon ya yi abin kirki. Rukayyata ta fara haƙori, ta hana kowa sakat a gidan nan.

Na san za ka yi mamakin ganin na zauna na rubuta takarda da hannu, na ɗauki hotonta na turo maka, ni da kake cewa bakina ya fi hannuna sauri. Dalili shi ne duk lokacin da na kira ka, sai ka buɗe muryar waya kowa na ji, Baba kuma yana gefenka. Maganar da ke tafe da ni ba ta faɗuwa a gabansa. Don Allah ka keɓe ka karanta kai kaɗai.

Ranar Juma'a na je Yashe na kai wa Inna bidiyon da ka turo na jirgin ruwan da za ku shiga. Da murnata na je. Na nuna mata yadda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu masu tsayin da ido ba ya kai ƙarshensu, ruwa na zubowa daga samansu, ga ƙananan garuruwa a bakin gaɓa da gidajen katako ja da rawaya. Na maimaita mata bayaninka, cewa jirgin ƙarami ne don ya iya shiga lungunan da manya ba sa shiga, za ku kwana a cikinsa kuna tsayawa gari-gari, har ku kai can arewa inda ka ce a wannan lokaci rana ba ta faɗuwa. Na gaya mata ka kama wa Baba ɗaki nasa shi kaɗai, mai ƙofa da ke fita baranda a saman ruwa. Har tsokanarta na yi, na ce mijinta da bai taɓa shiga ko kwalekwale ba zai dawo yana yi mata yanga. Ba ta yi dariya ba. Da muka zo kan hoton Baba sanye da jibgegiyar rigar sanyin da ka saya masa, sai ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko hular da ke kansa a jikin rigar aka ɗinka ta. Na ce e. Yaya, Inna ajiye ƙwaryar hannunta ta yi ta zauna daɓas a ƙasa.

Abin da ta gaya mini ke nan, kuma wallahi ni ma ranar na fara jin sa. Tun daminar bara Baba ya fara rikicewa idan ya farka daga barci. Da rana ras yake, ka ji shi da kunnenka, ba wanda zai kayar da shi a magana. Amma in ya buɗe ido ya ga gari ya yi haske, musamman in ya ji ƙarar ruwan sama, sai shekaru su ɓace masa. Gani yake shi saurayi ne, an yi ruwan shuka, an tafi gona an bar shi. Ba ya tada kowa, fita kawai yake yi, kuma ba ya ganin abin da ke gabansa sai hanyar tsohuwar gonar kakanmu ta hayin rafi. Wata safiya Ɗanmaliki mai acaɓa ya tsince shi tsaye a cikin rafin, ruwa har gwiwa, rafin kuwa ya kawo, yana ƙoƙarin hayewa. Ya ɗauko shi ya kawo gida, Inna ta roƙe shi ya rufa musu asiri, ya kuma rufa.

Daga nan ta samo dabararta. Ka san Baba, ko gobara ake yi ba zai taka ƙofar ɗaki da kai a buɗe ba. Wannan ɗabi'ar rikicewar ba ta taɓa ta ba. To kullum in zai kwanta, sai Inna ta tattara hulunansa ta tura ƙarƙashin matashinta. In ya farka sai ya yi ta lalube yana mita, mitar ta tashe ta, ta miƙa masa buta, kafin ya gama alwala ya dawo hayyacinsa bai ma san an yi ba. Haka ta tsare shi shekara guda, ba ƙulli ba kwaɗo. Na yi mata faɗa, Allah ya yafe mini, na ce don me ta bari ya hau jirgin sama ba ta faɗa ba. Ta ce ta ji tsoron a fasa aikin idon, kuma ta ɗauka gida za ka ajiye shi a rufe ƙofa. Sauran dalilin kai ma ka san shi. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ta faɗa, gaisuwarku a waya ba ta wuce lafiya lau. Ta yaya za ta buɗe baki ta gaya maka mahaifinka yana ɓata?

Ka tuna ranar da ka ba ni labari kana dariya, cewa ka tarar da Baba da sassafe yana kokawa da makullin ƙofarku yana tambayar inda aka ajiye sungumi, ka ce kewar gona ce? Ni ma dariya na yi a lokacin. Makullin nan ne kawai ya tare shi.

Yaya, ka haɗa abubuwan nan ka gani. Wuri ne da gari ba ya duhu, duk lokacin da ya buɗe ido safiya ce a wurinsa. Kai da bakinka ka ce ruwan sama a can ba ya jin kira. Ga shi shi kaɗai a ɗaki, ga riga a rataye da hula a jikinta, ga ƙofar da ba ta kai mutum ko'ina sai ƙarfen baranda, bayansa kuma ruwan da ka ce zurfinsa ya kai tsayin duwatsun, ga sanyin ƙanƙara. A can babu Ɗanmaliki da zai biyo ta hanya. Ina jin tsoro, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Tun Juma'a ko randa na leƙa sai gabana ya faɗi.

A son raina a fasa tafiyar. Amma na ji muryarsa shekaranjiya yana ba ni labarin garuruwan masunta da zai gani da sabon idonsa, yana cewa zai zo ya ba mutanen masallaci labari har su gaji. Rabon da in ji shi da irin wannan farin ciki na manta, kuma na san ba don komai ka shirya ba sai don ka faranta masa. Shawara tana hannunka, kai ne babba. In har sai an tafi, to ka ajiye kunya a gida. Ka kwana a ɗakinsa, shimfiɗarka a bakin ƙofar barandar. Na san ba ka taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi ba tun da ka yi wayo, kuma zai yi faɗa; ka ce masa kai ne jirgi ke sa wa jiri. Ka kwashe hulunansa duka, har da rawani da hiramin kafaɗa, rigar sanyin nan kuma kada ta kwana inda hannunsa zai kai. In ka ji yana mita, kada ka yi masa gardama, ruwan alwala kawai za ka ba shi. Sannan kafin ranar, ka kai shi likita ya duba shi, ba sai ya san dalili ba.

Ka gaishe mini da Anti Sumayya, ka karanta mata wannan don ta taya ka sa ido. Ka shafa mini kan Zainul Abidin da Hawwa'u. Maigidana da Shehu da Gwaggo Rabi suna gaishe ku. Baba kuwa ka ce masa ina gaishe shi da kyau, ina jiran tsarabar labari, kada ka ƙara komai a kai.

Da zan baro Yashe na shiga ɗakin Inna ɗaukar mayafina, sai na ga bakin tsohuwar hularsa ta gona a ƙarƙashin matashinta. Ta ce hannunta ne ya saba. Ta rako ni har zaure, abin da ba ta yi, ta riƙe mini hannu. Na ɗauka za ta ce in gaya wa yayana, yadda take kiranka tun tasowarmu, ko wancan na Turai. Sai ta ce in gaya wa Abdullatif ya dawo mata da shi. Yaya, ban taɓa jin sunanka a bakinta ba sai ranar.

Ka amsa mini da ka gama karantawa, wayar tana hannuna.

Taka ƙanwa,
Basira