Jan ɗigon da ke goshin allo

Junu,

Na wuce wurin gadi, ba za ki same ni ba. Karanta wannan kafin ki shiga ɗaki.

Yau ranar Bishwakarma ce, bikinmu na Hindu na girmama kayan aiki, kakarki ta bi kayan aikin gida tana sa musu albarka. Ta yayyafa wa keken ɗinki ruwa, ta yayyafa wa babur, sai ta hango allon kwamfutarki, ta ɗiga masa jan ɗigon albarka a goshi, ta yayyafa masa shi ma. Ruwa ya shige ta ramukan baya. Ina kunnawa ya ɗauke ɗif.

Ta ce, "Babur ko tari bai yi ba, wannan ɗan sarki ne?" Amma tun lokacin ba ta sa komai a baki ba. Gani take ta kashe miki darasin ɗalibanki na gobe.

Na kwance bayansa, na goge koren faifan ciki da auduga, na shanya a baranda har yamma. Idona ya gaji, bayana ma haka. Yanzu yana kawo hoto, rubutu na karantuwa, sai dai wani baƙin layi a gefen hagu ya ƙi fita. Noti ɗaya ya yi saura, ban gane mazauninsa ba, yana cikin kofin shayi.

Abu ɗaya nake roƙo. Zuba shinkafa da miyar wake faranti biyu, ki zauna kusa da kakarki, kada ki ambaci layin. Jan ɗigon da ta sa masa a goshi ban goge ba. Ke ma bar shi, ta gan shi yana aiki da shi.

Babanki